Yaya ake tsara zaman marubuta da sauran shagulgula a bikin littattafai na bazara?

Ummu_Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar shirya bikin littattafai, irin wanda birane ke yi tsakanin Maris da Mayu idan sanyi ya ja baya. In mutum ya duba jadawalinsu sai ya ga abu cunkus: hira da marubuta, karatun waƙe, zaman yara, sa hannu a littafi, majigi, har da zagayen gari. Yaya ake ɗinke duk wannan ya zama abu guda? Minti nawa ake ba kowane zama, mutum nawa ake ɗorawa a dandamali, littafi nawa ake tanadar wa marubuci ɗaya, kuma wata nawa kafin ranar ake fara shiri? Mu ɗauka bikin kwana uku ne, da zaure biyu da filin rumfuna. Don Allah a ba ni dalla-dalla, har da abin da ya fi ɓata irin wannan taro.

Malam_Sadau ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin lissafin mintoci, a fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kasuwar 'yan harka, akwai kuma bikin masu karatu. Baje kolin Landan da aka fara a 1971, da na littattafan yara na Bologna a Italiya da aka fara a 1964, duk a bazara ake yin su, amma na 'yan harka ne. Kamfanonin ɗab'i da wakilan marubuta ke zama tebur-tebur, rabin awa rabin awa, suna cinikin haƙƙin fassara. Wanda kike tambaya a kai shi ne ɗayan, irin na garin Hay a yankin Wales da aka fara a 1988, wanda ake yi cikin tantuna, ko karatuttukan da ke cika garin Leipzig na Jamus a watan Maris. Wanda ya kwaikwayi tsarin na farko ya shirya na biyu, ya yi ɓatan kai tun daga ƙofa.

Zama ɗaya awa ɗaya ne. Minti 3 zuwa 5 na gabatarwa, minti 40 na hira har da karatu a ciki, minti 15 na tambayoyin jama'a. Wurin karatun ne ake yawan yin asara. Mutum a gaban jama'a yana karanta kalma 130 zuwa 150 a minti, shafin labari kuwa yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300, wato shafi uku ya cinye minti 6 ko 7 ke nan. Saboda haka kada ki ce wa marubuci "ka karanta na minti biyar". Zai yi sha biyar yana rantsuwa biyar ya yi, don babu marubucin da ke jin tsawon abin da ya rubuta. Ki ce masa shafi uku, kuma ya turo miki waɗanne shafuka ne tun kafin ranar.

Dandamali kuma mutum uku da jagoran zama, iyakarsa ke nan. Ki raba minti 40 gida uku, ki cire abin da jagora zai ci, kowa bai wuce minti 10 ko 11 ba. In kika sa biyar, kowa ya koma minti 6, kuma a zahiri ba haka rabon ke zuwa ba: mai baki ɗaya zai kwashe rabi, wata ta zauna tana murmushi har a tashi ba ta faɗi jimla huɗu ba, alhali an biya mata kuɗin jirgi.

Abin da ya fi zaman kansa muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin zama da zama. Rabin awa ake bari a kowane zaure. Zauren kujera 200 mai ƙofa biyu yana buƙatar kamar minti 10 kafin ya fashe, minti 5 na gyara kujerun dandamali da ruwa da makirufo, sauran na shigar sababbi. In babu wannan tazara, zaman farko ya ƙara minti 10, na biyu ya ƙara nasa, kafin na biyar an makara da kusan awa guda, kuma marubucin ƙarshe yana da jirgin da zai kama. Da wannan lissafi zaure ɗaya na ɗaukar zama shida a yini: 10:00, 11:30, 1:00, 2:30, 4:00, 5:30. Zaure biyu kwana uku, gurbi 36. Kada ki cika su duka. Ki cire na tsakar rana don abinci da ibada, ki tsaya a 26 zuwa 30. Sannan ki zame zaure na biyu da minti 45, ya fara 10:45, don kada zaurukan biyu su zubo jama'a lokaci guda su toshe teburin sa hannu da banɗaki.

A sahun gaba ana zaunar da mutum ɗaya da kwali uku masu manyan lambobi, 10 da 5 da 0, wato mintocin da suka rage, yana ɗaga wa jagora, ba wa marubuci ba. Shi jagoran, a ba shi littafin mako huɗu kafin ranar, kuma ya yi waya da baƙonsa saura mako guda. Jagoran da bai karanta littafin ba ana gane shi a tambaya ta biyu, domin zai fake da "me ya ba ka sha'awar rubutu?" Wani kuma ya karanta sosai, sai ya mai da tambaya lacca, ya yi ta ya amsa ta da kansa. Ni dai a ganina na biyun ya fi ɓarna. In an zo tambayoyin jama'a, ɗan sa-kai ya riƙe makirufo a hannunsa ya kai bakin mai tambaya, kada ya sakar masa, in ba haka ba za ki ji "ni ba tambaya gare ni ba, ɗan tsokaci ne" na minti shida. Jagora kuma ya ajiye tambaya biyu a aljihu, don sau da yawa in aka ce wa ke da tambaya, shiru ke fara biyowa baya.

Batun lokacin shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Wuri da rana a tsayar da su wata 10 zuwa 12 kafin biki. Gayyata ta fita saura wata 6 ko 7, ta hannun jami'in yaɗa labarai na kamfanin ɗab'in marubucin, domin shi ya san littafin wa zai fito a bazarar. Biza da tikitin jirgi saura wata 3. Jadawali ya fita ga jama'a saura mako 8.

Hajiya_Kaltume ta rubuta:

Malam Sadau ya gama da agogo, bari in ɗora da littafin kansa, tunda an sha ganin biki ya cika maƙil, an yi tafi, an fito ana neman littafin da aka yi awa guda ana yabo, babu shi.

Littattafan biki ana karɓo su ne daga kamfani ko dillali bisa sharaɗin a sayar, abin da ya rage a mayar. A rubuta sharaɗin a takarda, da ranar mayarwa da wanda zai biya kuɗin dako. Oda ta fita saura mako 6 zuwa 8. Yawan da za a ɗauko kuma daga kujerun zaure ake lissafa shi. Marubucin da aka sani, kwafi ɗaya ga kowace kujera huɗu, wato zauren 200 ya tashi kwafi 50, da kamar biyar-biyar na tsofaffin littattafansa. Sabon marubuci, 15 zuwa 20 sun isa. Na yara a ƙara sosai, don uwa ba ta iya fita da yaro yana kuka alhali ɗan'uwansa ya riƙe nasa. Kuma kafin a sa sunan kowa a jadawali, a tabbatar littafinsa zai fito aƙalla mako biyu ko uku kafin biki. "Yana maɗaba'a, zai iso ranar" ita ce maganar da ta fi kowace cin amanar mai shirya taro.

Wurin da aka kafa tebur shi ke yanke ciniki, 'yar'uwa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Teburin sayarwa a bakin ƙofar fita, teburin sa hannu na biye da shi, mutum ya saya ya taka uku ya shiga layi. In sai ya tsallaka fili ya nemo rumfar littattafai, a hanya zai haɗu da aboki ko ƙanshin abinci, shi ke nan an rasa shi.

Layin sa hannu yana da nasa lissafi. In marubuci zai rubuta sunan mutum ya gaisa da shi, kowa na cin kamar daƙiƙa 40, wato mutum 90 a awa. In da ɗaukar hoto, ki raba biyu. Don haka ana sa ɗan sa-kai ya bi layin da ƙananan takardu masu mannewa, kowa ya rubuta sunan da yake so da manyan baƙaƙe, a manna a shafin take, a buɗe littafin a wurin. Wannan yana hana "yaya ake rubuta shi?" sau ɗari, yana kuma hana kuskuren suna, wanda asarar kwafi ce sukutum tunda ba mai sayensa kuma ba ya komawa kamfani. In layi ya yi tsawo, a ƙayyade littafi biyu ko uku ga kowa. A tanadi biro uku. Littafin yara mai shafi mai santsi yana son alƙalami mai saurin bushewa, in ba haka ba ana rufewa tawadar ta shafe ɗaya shafin. In marubucin bahago ne, layin ya zo masa ta ɗaya gefen. Wani abu kuma da ake mantawa: idan layi ya ƙare, marubuci zai ce bari ya sa hannu a sauran kwafin don taimako. A tambayi mai sayarwa tukuna, domin ba kowane kamfani ke karɓar littafin da aka yi wa rubutu ba.

Sai rumfunan waje. Bazara ba ta da amana. A Basalona, ranar 23 ga Afrilu ake bikin Sant Jordi, titunan tsakiyar gari su cika da teburan littattafai da furen wardi, marubuta na bin rumfa-rumfa suna sa hannu. A 2022 ruwa da ƙanƙara da iska suka sauko da rana tsaka, rumfuna suka kife, littattafai masu yawa suka jiƙe. A Madrid kuma, inda ake baje koli a lambun Retiro tun 1967, in hukuma ta ba da gargaɗin iska mai ƙarfi ana rufe lambun saboda rassan tsofaffin bishiyoyi, baje kolin ma dole ya rufe. Waɗannan mutane ne da suka shekara da shekaru a harkar, balle mai farawa. Don haka kwalayen littafi ba sa taɓa ƙasa, ana ɗora su kan katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15. Kowane tebur da farar leda mai kauri a naɗe a bayansa da abin maƙalewa, yadda mutum biyu za su rufe shi cikin minti ɗaya. Kowace ƙafar rumfa a ɗaura mata nauyin kilo 25 zuwa 30, don iska ta ƙasa take shiga ta ɗaga rumfa kamar laima. Rana ma tana nata: bangon littafi mai leda in ya yini a rana sai ya nannaɗe, launinsa ya koɗe. Kwafi ɗaya ake bajewa na gani, sauran a inuwa. Da dare a mayar da komai kwali a rufe, raɓa kaɗai ta isa ta kumbura takarda.

Kafin a buga "rangwame" a fosta a duba dokar ƙasa. A Sifaniya doka ta yarda da ragin kashi 10 cikin ɗari a ranar littafi da wuraren baje koli. A Jamus farashin sabon littafi ƙayyadajje ne, ba a rage shi ko a wurin biki. Na'urar karɓar kuɗi da kati kuma takan tsaya daidai lokacin da ciniki ya kankama, saboda dubban wayoyi sun taru wuri guda sun cushe sabis. A nemi layin intanet na masu sayarwa su kaɗai, a kuma ajiye canji.

Injiniya_Tanko ya rubuta:

Hajiya da Malam sun yi bayani mai kyau, amma duk wannan tsari in na sahun baya bai ji abin da ake faɗa ba, an yi aikin banza. Jama'a na yafe zafi, suna yafe makara, ba sa yafe rashin ji.

Zaure mai mutum huɗu a dandamali yana buƙatar makirufo bakwai: huɗu nasu, biyu na yawo cikin jama'a, ɗaya mai waya a ajiye a gefe don ranar da marasa wayar suka ƙi. Batir sabo da safe, a sake da rana ko da bai nuna ya yi ƙasa ba. Ƙarar nan mai tsaga kunne tana zuwa ne idan makirufo ya ɗauki sautin lasifika ya sake mayar mata, don haka lasifika ta kasance gaban masu magana tana fuskantar jama'a, kuma mai yawo da makirufo kada ya tsaya a gabanta. Marubuta da yawa ba su saba riƙe makirufo ba, suna fara karatu sai hannu ya sauka ƙirji. A gaya musu tazarar yatsa huɗu daga baki, kuma mai karatu a kafa masa makirufo a sanda, don hannu biyu yake buƙata ya riƙe littafi ya juya shafi. Ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a riga yana da kyau a hoto, amma mayafi ko sarƙa in suna gogarsa, ƙarar kaɗai za a riƙa ji.

Tanti ba ya tare sauti ko kaɗan. A fili, in ka ninka nisa sau biyu sauti na raguwa da kamar desibel 6 ne kawai (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma amon ganga ya fi komai nisan tafiya. Wanda ya sa kiɗa ko zaman yara masu ihu lokaci ɗaya da karatun waƙe a tantin da ke maƙwabtaka, ya kashe waƙen. Maganinsa a jadawali yake, ba a na'ura ba: kiɗa ya fara bayan an tashi daga zaman ƙarshe. Ruwan sama a kan rufin tanti ma yana danne murya, mai kula da sauti ya zauna a wurinsa duk tsawon zaman, ba ya saita ya tafi shan iska ba. Janareto a kai shi mita 30 ko fiye, bayan gini in da hali. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da bangon dutse suna da ban sha'awa, amma murya na amsa-kuwwa a cikinsu har kalmomi su haɗe. Labule da darduma na taimakawa, haka ƙananan lasifika da yawa a rarrabe maimakon manya biyu a gaba. Kuma gwajin da aka yi a zaure babu kowa ba shi ne gaskiya ba, jikin mutane na shanye sauti.

Majigi a farin tanti da rana ba a ganin komai. Ko dai a yi hayar allo mai hasken kansa, ko a kai abin da ke buƙatar hoto bayan faɗuwar rana.

In akwai baƙo mai wani harshe, hanya biyu ce. Tafinta ya zauna kusa da shi, ya faɗa a fassara, ya faɗa a fassara. Wannan ba ya buƙatar kaya, amma yana cinye rabin lokaci, hirar minti 40 ta koma ta 20, don haka baƙo ɗaya ake sawa a irin wannan zama, ba uku ba. Ko kuma fassarar nan-take ta abin sawa a kunne, wadda ke buƙatar ɗan ɗaki mai tare sauti da tafinta biyu masu karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, da mutum a ƙofa yana ƙirga na'urorin da aka raba da waɗanda suka dawo. Ko wacce aka zaɓa, ba a fassara adabi a tsaye. Shafukan da za a karanta a tura wa tafinta saura mako biyu, a haska fassarar a allo yayin da marubucin ke karantawa da harshensa.

Dandamali kuma a tuna da mai keken guragu. Ƙa'idar gangara ita ce duk santimita 1 na tsayi, santimita 12 na tsawo, wato dandamali mai tsayin santimita 40 yana son gangarar kusan mita 5. In babu wurin, a rage tsayin dandamalin.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai, musamman zancen zame zaure na biyu. Saura ɓangaren yara da waƙe da majigi. Kuma wanne ya fi, a tara komai wuri guda ko a watsa shi cikin gari?

Malama_Zinatu ta rubuta:

Ummu Hanan, watsawa cikin gari tana da daɗin faɗa. Leipzig ce ta shahara da ita: tun 1992 ake gudanar da shirin karatu tare da baje kolin, a ɗakunan karatu da gidajen wasan kwaikwayo da shagunan littattafai da wuraren shan kofi ko'ina a garin. Amma abin da ke riƙe da shi, yawancin wuraren nan su ke ɗaukar nauyin zamansu tare da kamfanonin ɗab'i, ba kwamiti ɗaya ke bin kowanne da makirufo ba. Duk wurin da kika ƙara, kin ƙara shugaba ɗaya, mai sauti ɗaya, mai sayar da littafi ɗaya. Ga bikin kwana uku, ki tara komai wuri guda da rana, da dare ki fita wuri ɗaya ko biyu da ba su wuce tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙafa ba.

Yara ba a haɗa su jimla. 'Yan shekara 3 zuwa 6 minti 30 ne iyakarsu, a kan tabarma ko darduma, ba kujera ba, kuma da abin da za su yi da baki ko hannu duk bayan 'yan mintoci. 'Yan 7 zuwa 11 suna kai minti 45. Abin da ya fi kama su shi ne mai zane yana zane a gabansu, an kafa kyamara a saman hannunsa tana haskawa a allo, suna faɗa masa abin da zai ƙara. A rubuta shekarun a jadawali ƙarara, in ba haka ba a kawo jariri zaman 'yan shekara goma. Makarantu safiyar ranar aiki ake ba su, kuma a aika musu tun zangon karatun da ya gabata, don shugaban makaranta na buƙatar izinin iyaye da mota. A ba motocin lokacin isowa daban-daban, tazarar minti 10. Yaran makaranta galibi ba sa zuwa da kuɗi, don haka a aika takardar odar littafi ta hannun malamai tun kafin ranar, marubuci ya sa hannu a ajiye a kwalin kowane aji. A ware wuri ɗaya mai alama babba na yaron da ya ɓata, kowane ɗan sa-kai ya san shi, kuma ba a ɗaukar hoton yaro sai da izini a rubuce.

Daren waƙe shi ne ya fi saurin kuɓucewa. Sha'irai 8 zuwa 10, kowa minti 5, da hutu a tsakiya. Wanda ya fi kowa iya riƙe taro a ajiye shi ƙarshe, mai bi masa ya buɗe. In za a ba jama'a dama su hau, a buɗe takardar rajista a ƙofa, a rufe ta a suna 12 zuwa 15, kowa minti 3, kuma a faɗa tun farko cewa gabatarwar da mutum zai yi wa waƙarsa cikin mintinsa take. Akwai mai bayanin minti huɗu kan waƙar baiti shida.

Bitar koyon rubutu mutum 12 zuwa 15 ce, awa biyu, a kewaye da tebur. In sun kai 30 ta zama lacca, ba wanda za a duba rubutunsa. Zagayen gari zuwa wuraren da marubuta suka zauna ko suka ambata, mutum 20, minti 90, kamar kilomita 2, tsayawa shida zuwa takwas. Jagoran ya taka hanyar saura mako guda, a daidai ranar mako da sa'ar da za a yi, don titin da yake shiru safiyar Talata kasuwa ne ranar Asabar.

Majigi da kiɗa suna buƙatar lasisi. Sayen faifan fim ko biyan kuɗin kallo a intanet bai ba ki izinin haska shi ga taro ba, ko da kyauta ne, sai an nema daga mai haƙƙin rarraba shi, kuma amsar kan ɗauki makonni. Abin kunya ne bikin da ke wa'azin haƙƙin mallaka a kama shi da wannan. Nunin zane kuma, in na asali ne a takarda, yana buƙatar inshora da haske mai rauni, kamar lus 50 a ma'aunin haske, irin na gidajen tarihi. Ƙaramin biki ya buga kwafi masu kyau ya rataya, ya huta.

Ra'ayina a nan, duk abin da za a sa na al'adu a ɗaura shi da wani littafi da ke kan tebur: fim ɗin da aka ɗauko daga labari a zo da marubucin, mawaƙin da zai yi wasa a fara hira da shi kan baitocinsa. In ba haka ba kiɗan ne zai haɗiye bikin, a wayi gari jama'a na zuwa ƙarfe bakwai na dare, masu rumfa sun yini suna korar ƙuda.

Malam_Sadau ya rubuta:

Na yarda da Malama Zinatu, sai dai ban kai ta tsanani kan kiɗa ba. Dare ɗaya na kiɗa zalla ba ya kashe biki, in dai an ajiye shi daren rufewa.

Na manta zancen zaɓen rana, kuma bazara cike take da tarko. Ista, bikin Kirista, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, hutun makarantu na bin ta a ƙasashe da yawa. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Ga jarrabawar ƙarshen shekarar karatu. Ranar 23 ga Afrilu, wadda UNESCO ta ayyana ranar littafi ta duniya a 1995, tana jan hankalin 'yan jarida, amma kowa a makon yake neman marubutan da kike nema. A Turai kuma Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, don haka kada a sa babban baƙo ƙarfe goma na safiyar ranar.

Sai kuɗin marubuta. Mai tanti an biya shi, mai sauti an biya shi, wanda aka taru dominsa kuma a ce ya yi haƙuri ai talla ce. A Janairun 2016 marubuci Philip Pullman ya ajiye matsayinsa na uban bikin adabi na Oxford a kan wannan magana ta rashin biyan marubuta. Ko kaɗan ne a biya, kuma hanya mafi sauƙin karewa ita ce kowa daidai, babba da ƙarami, har da jagoran zama tunda shi ma ya yi kwanaki yana karatu. Takardar gayyata ta faɗi adadin, da ranar biya, da wanda ke ɗaukar mota da masauki, da ko za a naɗi zaman a sa a intanet. Saura mako biyu kowane baƙo ya sami shafi ɗaya tak: inda zai zo, ƙarfe nawa, sunan wanda zai tarbe shi da lambar wayarsa, da cewa ana son sa a ɗakin baƙi minti 45 kafin zamansa.

A cikin baƙi 40 da wuya a ce ba wanda zai fasa a makon ƙarshe, don haka a riƙe marubuta biyu na cikin gari da suka yarda a kira su ko da daren jajibiri ne. Tikitin kyauta kuma mutane na karɓa su ƙi zuwa. Ki yi lissafi kamar uku cikin goma ba za su zo ba, ki rubuta a jikin tikitin cewa saura minti 10 a fara za a ba masu jira a ƙofa duk kujerar da babu kowa. In kuma kin ga zauren 200 tikiti 40 kawai aka karɓa, tun kafin a buɗe ƙofa a kwashe sahun baya ko a ɗaure su da igiya, a bar kujera 50 a gaba kusa da dandamali, 'yan sa-kan da ba su da aiki a sa'ar su cire rigar aiki su zauna a ciki.